Cizo Ɗaya Ya Isa: Nazarin Maleriyar Tsuntsaye a Tsibiran Hawai

A watan Oktoba na 2019 ma'aikatan kula da namun daji a Maui, ɗaya daga tsibiran Hawai, suka ɗauki wasu tsuntsaye 14 da ake kira kiwikiu, suka kai su wani daji mai suna Nakula a gefen dutsen Haleakala. Bakwai daga daji aka kamo su, bakwai kuma a hannun mutane suka tashi. Kiwikiu ɗan ƙaramin tsuntsu ne, kore-kore da ruwan ɗorawa, bakinsa a lanƙwashe kamar na aku, da shi yake tsaga reshe ya zaro tsutsa. Duk faɗin duniya ba a samunsa sai a Maui, waɗanda suka rage a lokacin kuwa ba su kai 200 ba. An daɗe ana gyara musu Nakula. An kewaye shi da shinge, an fitar da dabbobin da ke cinye tsiro, an dasa itatuwan asalin ƙasar dubu bisa dubu. Amma kafin watan Nuwamba ya fita kusan dukkansu sun mutu. Ba yunwa ce ta kashe su ba, ba kuma ɓera ko kyanwa ba. Da aka bincika gawarwakin sai aka sami ƙwayar cutar maleriyar tsuntsaye, Plasmodium relictum, a cikin jininsu. Shekarar ta zo da zafi, sauro ya hau dutsen ya kai inda a da ba a ganinsa sai jefi-jefi.

Wannan lamari na Hawai shi ne mafi bayyana cikin duk abin da aka rubuta game da ƙwayoyin cutar jinin tsuntsaye, domin komai ya faru ne a tsibirai, inda za a iya bin sawun wanda ya fara zuwa da wanda ya biyo baya. Abin da ya nuna kuwa ya shafi mai kiwon kaji da talotalo da agwagi kamar yadda ya shafi mai kula da daji.

Kafin sauro ya iso

Tsibiran Hawai suna tsakiyar tekun Fasifik, fiye da kilomita 3,000 daga kowace nahiya. Shekaru miliyan biyar zuwa bakwai da suka wuce wasu 'yan tsuntsaye masu cin ƙwaya, 'yan asalin Asiya, suka faɗo can. Daga zuriyarsu aka sami iri fiye da 50, kowanne da siffar bakinsa: mai tsotsar ruwan fure, mai fasa ƙwaya, mai ƙwaƙular ɓawon itace. A tsawon wannan zamani duka babu sauro ko guda a tsibiran. Tun da babu mai ɗaukar cutar daga wannan tsuntsu zuwa wancan, jikinsu bai taɓa sanin maleriya ba, balle ya koyi yaƙi da ita.

A 1826 sauron Culex quinquefasciatus ya sauka a Lahaina, a tsibirin Maui, cikin gangunan ruwan sha na wani jirgin ruwa. Sauro ne mai cizon dare, mai son jinin tsuntsu, kuma ba ya ƙyamar ruwa mai datti. Nan da nan ya bazu a gaɓar teku. Cutar da ta fara bayyana a fili ita ce ta ƙuraje, wato aganar tsuntsaye. A shekarun 1890 masanin halittu ɗan Ingila, R. C. L. Perkins, ya rubuta cewa yana ganin tsuntsayen daji da kumburi a ƙafafu da yatsu. Zargi ya daɗe yana kan kajin gida, amma gwajin ƙwayoyin gado na baya-bayan nan ya nuna aganar da ke jikin tsuntsayen dajin Hawai ba irin ta kaji ba ce.

Ita maleriyar daga baya ta zo. Charles van Riper da abokan aikinsa, a babban binciken da suka wallafa a 1986, sun tafi a kan cewa ta shigo ne a farkon ƙarni na 20 cikin jinin tsuntsayen ƙawa da aka riƙa shigowa da su daga ƙasashen waje ana saki. Har ƙungiya aka kafa a 1930, Hui Manu, don wannan aiki na kawo tsuntsaye masu daɗin kuka. Da kyakkyawar niyya suka yi, ganin lambunansu sun yi tsit. Tsuntsayen da suka kawo lafiyarsu ƙalau a ido, suna ci suna kuka, cutar tana kwance a jininsu ba ta hana su komai. Sauro kuwa ya riga su zuwa da kusan shekara 100, yana nan yana jira.

Kejin Warner

Wanda ya fara kama bakin zaren shi ne Richard Warner. A ƙarshen shekarun 1950 ya ɗauko wasu tsuntsaye daga Laysan, wani ɗan tsibiri can nesa da babu sauro, ya kawo su ƙasa-ƙasa a tsibirin Kauai. Wasu ya ajiye su inda raga ta tsare su, wasu ya bar kejinsu a buɗe ga sauro. Na cikin raga ba abin da ya same su. Na waje kuwa cikin 'yan makonni suka ƙare, jininsu cike da ƙwayoyin maleriya. A 1968 ya wallafa abin da ya gani.

Akwai wani abu da Warner ya lura da shi wanda ban taɓa mantawa da shi ba tun da na san wannan labari, wato yadda tsuntsayen ke barci. Baƙin tsuntsaye, waɗanda kakanninsu suka sha fama da sauro, idan dare ya yi sukan cusa baki da fuska cikin gashin baya, su tsugunna su rufe ƙafafu da gashin ciki, su zama kamar dunƙulen auduga, sauro ya rasa inda zai sa baki. 'Yan ƙasar kuwa sai su yi barci fuska a waje, ƙafafu a waje, gefen ido da kusurwar baki duk a buɗe. Ba jininsu kaɗai ba ne bai san sauro ba, har kwanciyarsu ba ta san shi ba.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Macen sauro ce ke cizo. Idan tana ɗauke da cutar, sai ta zuba ƙwayoyin tare da yawunta. Suna fara hayayyafa a fata kusa da wurin cizon, su wuce saifa da hanta da sauran sassan jiki, daga nan su afka wa jajayen ƙwayoyin jini. A cikin kowace ƙwaya sukan ci, su rarrabu, su fasa ta su fito su shiga wasu. Jiki ma da kansa yana ƙara ɓarna, domin saifa tana ta tsince ƙwayoyin da suka kamu tana rushewa. Tsuntsun sai ya daina cin abinci, ya hura gashi, ya zauna wuri guda, ƙashin ƙirjinsa ya fito kamar wuƙa. Idan aka buɗe gawar, jinin ya tsinke ya koɗe kamar an sirka shi da ruwa, hanta da saifa sun kumbura sun yi baƙi saboda dattin da ƙwayoyin cutar ke bari bayan sun cinye jan sinadarin jini.

Gano cutar ba ya bukatar abu mai yawa. A ɗan tsaki jijiyar ƙarƙashin fiffike, a ɗiga jini a fallen gilashi, a shafe shi siriri, ya bushe, a rina shi da rinin Gimsa, a sa a madubin likita. Jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu ba kamar na mutum ba ne, dogaye ne kamar ƙwai, kowace da cibiya a tsakiya. Wannan cibiyar ita ke taimaka wa mai dubawa. Plasmodium relictum yakan ture ta gefe ya zauna a gurbinta. Haemoproteus, wata ƙwayar cutar jini dabam da ta yi yawa a tattabaru, yakan kwanta ya kewaye ta kamar linzami. Leucocytozoon kuwa, na uku cikin irin waɗannan ƙwayoyin cuta, yakan kumbura ƙwayar ya ɓata mata siffa, wani lokaci ya ja ta ta yi tsini biyu kamar mazari, kuma ba ya barin baƙin ɗigon nan da sauran biyun ke bari. Matsalar madubi ita ce tsuntsun da ya warke. Ƙwayoyin da suka rage a jininsa kaɗan ne ƙwarai, mai dubawa zai iya wanke ido ya ce babu, alhali sauro zai iya ɗauka. Gwajin ƙwayoyin gado ne ke tona irin wannan.

A 1995 Carter Atkinson da abokan aikinsa suka auna ƙarfin cutar a jikin i'iwi, jan tsuntsun nan mai dogon baki kamar lauje, wanda sarakunan Hawai na da suke yin alkyabba da gashinsa. Suka bar sauro ɗaya mai cutar ya ciji kowane tsuntsu sau ɗaya. Tara cikin goma suka mutu. Waɗanda aka bari sauro da yawa ya cije su, ko ɗaya bai tsira ba. Abin da ya ƙara jefa i'iwi cikin haɗari shi ne abincinsa. Ruwan furen itacen ohiya yake sha, kuma yakan bi furen duk inda ya buɗe. Idan na kan dutse ya ƙare sai ya gangaro ƙasa, ya kwana dare ɗaya a yankin sauro, ya koma sama da ajalinsa a jiki.

A nan bari in ɗan ratse. Wannan ƙwayar cuta da wannan sauro, su biyun nan dai, su ne likita Ronald Ross ya yi aiki da su a birnin Kalkata na Indiya a 1898, lokacin da ya bi cutar daga cikin sauro har zuwa inda yake tara yawu, sannan ya sa ya ciji lafiyayyun tsuntsaye suka kamu. Da haka aka tabbatar sauro ne ke yaɗa maleriya, ya kuma sami kyautar Nobel a 1902. Kafin shi, a 1885, wani masani mai suna Danilewsky ya riga ya ga ƙwayoyin a jinin tsuntsayen daji a Karkof, a ƙasar Yukren ta yau. Daga baya ma a jikin kanari da 'yan tsaki aka riƙa gwada magungunan zazzaɓin cizon sauro kafin a ba mutane. Bashin da ɗan Adam ya ci na tsuntsaye a wannan fage ba ƙarami ba ne, shi ya sa abin da ya sami na Hawai yake ƙara yi mini ciwo.

Sanyi ne katanga

Me ya hana su ƙarewa tun tuni? Sanyin kan dutse. Ƙwayar cutar tana bukatar ɗumi kafin ta nuna a cikin sauro. Idan zafi bai kai digiri 13 a ma'aunin Salshiyas ba, ba ta iya kammala girma, daga 13 zuwa 17 kuma tafiyar hawainiya take yi, sau da yawa sauron ya mutu kafin ta kai ga yawunsa. Saboda haka dazuzzukan da suka haura mita 1,500 daga saman teku suka zama mafaka. Van Riper ya gano cutar ta fi ƙamari a tsaka-tsakin dutse, tsakanin mita 900 da 1,500, domin nan ne sauran tsuntsayen ƙasar suke haɗuwa da sauro. A ƙasa akwai sauro amma 'yan ƙasar sun riga sun ƙare, a sama akwai tsuntsaye amma babu sauro.

Sai ga aladu sun shigo cikin maganar. Ƙasar dutsen mai aman wuta tana shanye ruwa, ba ta cika barin kududdufi ba, ya kamata a ce sauro ya rasa wurin ƙwai. Amma aladun da suka koma daji sukan kayar da wani tsiro mai kama da ɗan dabino da ake kira hapu'u, su cinye ɓargon cikinsa, su bar kututturen a rarake kamar kwami. Ruwan sama ya taru a ciki da ruɓaɓɓen ganye, tsutsotsin sauro su sami gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu ɗumamar yanayi tana tura wannan katanga ta sanyi sama. A babban tsibirin Hawai da Maui akwai sauran tsawo, ko da yake daji yana da iyakar da ba ya wucewa. A Kauai kuwa ƙololuwar tsibirin gaba ɗaya ba ta kai mita 1,600 ba, babu inda za a ƙara hawa. Tsuntsun akikiki na tudun Alaka'i an ƙiyasta kimanin 450 a 2018. A 2023 biyar kacal aka sani a daji. A watan Oktoba na wannan shekarar hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta ayyana tsuntsayen Hawai iri takwas a matsayin waɗanda suka ƙare, cikinsu har da po'ouli, wanda sai a 1973 masana suka san da shi, na ƙarshensa kuma ya mutu a 2004. Daga cikin iri fiye da 50 na wancan babban dangi, 17 suka rage. Ba maleriya kaɗai ta yi wannan ɓarna ba, akwai saran daji da ɓeraye da kyanwoyi, amma a yau ita ce wuƙar da ke wuya.

Akwai guda da ya ba masana mamaki. Amakihi, wanda gwaji ya nuna cutar tana kashe fiye da rabin waɗanda suka kamu daga cikin na kan dutse, an tarar a farkon shekarun 2000 ya dawo ya cika dazuzzukan ƙasa-ƙasa a babban tsibirin, inda sauro ya fi yawa. Yawancinsu suna ɗauke da cutar, suna kuma hayayyafa. Waɗanda jikinsu ya jure su ne suka bar zuriya. Sai dai wannan nasara tana da ɗaci, domin tsuntsun da ya warke yana riƙe da ƙwayoyin muddin ransa, ya zama rumbun da sauro ke ɗiba yana kai wa i'iwi da akikiki.

Inda ya haɗu da akurki

Kaza ba ta cikin masu laifi a Hawai, Plasmodium relictum ba ya cika damunta. Amma tsarin abin guda ne duk inda aka kiwata tsuntsu: akwai mai ɗauke da cuta ba ya ciwo, akwai ƙwaron da ke cizo, akwai baƙon da jikinsa bai san ta ba. Bambancin kawai shi ne a gidan gona an juya lamarin, tsuntsun daji ne ɗan gari, na gida ne baƙo.

Kaza tana da tata maleriyar, Plasmodium gallinaceum, wadda Emile Brumpt ya bayyana a 1935. Asalinta jikin kajin daji ne na Sirilanka da kudancin Asiya. Su da kajin gargajiya na yankin suna jure mata, amma kajin Turai da aka kai can sukan mutu da yawa: zanko ya koɗe, kashi ya zama kore, wani lokaci ƙwayoyin su toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kaza ta shanye ta faɗi. A Kenya an gano Plasmodium durae a 1941 a jikin talotalo, wanda asalinsa ɗan nahiyar Amurka ne, alhali fakarar daji tana yawo da cutar hankali kwance. A Arewacin Amurka ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu ƙwai a ruwa mai gudu suna ɗaukar Leucocytozoon simondi daga agwagin daji su kai wa 'ya'yan agwagin gida. A Japan da kudu maso gabashin Asiya kuma Leucocytozoon caulleryi yana sa kaji zubar jini a cikin jiki, ƙwai ya ragu, mai ɗaukarsa wani ɗan ƙwaro ne ƙanƙane da ke ratsa ragar sauro ta yau da kullum.

A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne a tsaya kan tsuntsun da ya kwanta. Mai kiwo ya ga sababbin kajin da ya kawo suna mutuwa, tsofaffin suna kiwonsu, sai ya ce sababbin ne suka zo da cuta. Sau da yawa akasin haka ne, su ne suka tarar da ita. Tambayoyin da suka kamata su ne: wane ƙwaro ke cizo a nan, da dare ko da rana, a ina yake ƙwai, kuma wa ke kwana kusa da akurkin? Amsar ita ke nuna ko kwantaccen ruwa za a zubar, ko raga za a sauya, ko 'yan tsaki za a jinkirta kawowa har lokacin ƙwarin ya wuce. Kashe tsuntsayen daji ba mafita ba ce, ba za su ƙare ba, kuma ba su ne ke cizo ba. Magani yana iya rage ƙwayoyin da ke cikin jini, amma ba ya cika kakkaɓe waɗanda suka ɓuya a sassan jiki, sannan tsuntsun da ake ci ko ake cin ƙwansa ba a ɗura masa magani sai da sanin likitan dabbobi.

Sauro maganin sauro

A Hawai ba yadda za a yi a bi tsuntsayen daji da allura, feshin guba kuma zai hallaka ƙwarin ƙasar da tsuntsayen ke ci. Sai hukumomi da ƙungiyoyi suka haɗa kai suka koma kan sauron kansa. Akwai wata ƙwayar bakteriya, Wolbachia, da ke zaune a jikin ƙwari masu ɗimbin yawa, har da sauron Hawai. Idan namiji yana ɗauke da wani nau'inta dabam da na macen da ya sadu da ita, ƙwan da za ta saka ba ya ƙyanƙyashewa. Saboda haka ake kiwon sauro a ɗakin bincike da nau'in da ya saɓa, a ware maza zalla, tun da namiji ba ya cizo, a sake su su rinjayi mazan daji da yawa. Wasu mazauna sun ƙi amincewa har suka je kotu, kotu ta bari a ci gaba. A watan Nuwamba na 2023 aka fara saki a gabashin Maui daga jirgi mai saukar ungulu, kimanin 250,000 a kowace fita, sau biyu a mako, cikin 'yan ƙunsuna masu ruɓewa da kansu. A 2025 aikin ya kai Kauai, aka kuma fara gwada jirage marasa matuƙi saboda hazo da iskar duwatsun.

Dabarar ba ta barin iri. Mazan suna mutuwa cikin kwanaki, ranar da aka daina saki sauron daji zai farfaɗo. Saboda haka aiki ne na kowane mako, shekara da shekaru, da kuɗi masu nauyi. A halin yanzu akikiki 'yan gomomi suna tsare a cibiyoyin kiwo, zuriyar ƙwayayen da aka fara kwasowa daga sheƙa tun 2015.

A watan Yuli na 2021 wani ma'aikaci yana aikin dashe a Nakula sai ya ji kukan da ya sani. Ya bi sautin, ya hango kiwikiu namiji, zoben shaida a ƙafarsa. Ɗaya ne daga cikin bakwai ɗin nan da aka kamo daga daji a 2019, wanda aka riga aka lissafa cikin matattu. Ya yi kimanin wata 20 shi kaɗai a dajin da ya cinye 'yan'uwansa.